Albashi, burodi da ganima: yanda sojan Turai ya rayu tsakanin 1550 da 1650

A watan Nuwamba na 1576 sojojin Sarkin Sifen suka afka wa birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yau, suka kwana uku suna kisa da kwasar ganima, suka banka wa babban ginin majalisar gari wuta. Tsofaffin littattafai na cewa mutum 7,000 zuwa 8,000 aka kashe, wasu masana na yanzu suna rage adadin, amma dai kowa ya yarda an yi ɓarna ta fitar hankali. Abin da zai ɗaure maka kai shine Antwerp ɗin nan garin sarkinsu ne, Filib na II, kuma a lokacin duk arewacin Turai babu kasuwa kamarta. Wato sojan sarki ne ya wawashe garin da yafi kowanne kawo wa sarki kuɗi. In ka karanta irin tsofaffin littattafan tarihin nan sai kaga an ce ai mugunta ce irin ta Sifaniyawa da ƙiyayyar addini, an rufe babi kenan. To mugunta kam akwai, ba mai musu, amma wanda ya tsaya nan bai fahimci komai ba, domin mutanen nan wasunsu sun fi shekara biyu rabonsu da albashi. A 1575 Filib ya dakatar da biyan bashin da masu banki ke binsa, hanyar aika kuɗi daga Sifen ta toshe, gwamnan da ke riƙe da ƙasar ya mutu a watan Maris na 1576, aka bar dubban mutane da bindiga a hannu da yunwa a ciki babu mai ce musu ga ranar biya.

Wannan shine babban abin da ya canja a rubutun tarihin yaƙin Turai na wancan zamani cikin shekara 50 ɗin nan da suka wuce. Da can labarin sarakuna ne da janarori, wane ya jera dawaki a dama wane ya ɓoye igwa a bayan tudu. Daga baya sai wasu suka ce bari mu buɗe littattafan akawu mu ga wa ke biya, nawa ake biya, kuma in ba a biya ba me ke faruwa. Wanda ya buɗe wannan ƙofar sosai shine Geoffrey Parker, Baturen Ingila, da littafinsa na 1972 kan rundunar Sifen ta Filandas, yankin da yanzu yake Beljiyam da kewaye. Mutumin ya zauna cikin takardun ajiya na Simancas da Brussels yana bin rasit da rijistar sojoji, aikin da in an ba wani sai yace hukunci ne, kuma abin da ya fito da shi yafi yawancin labaran fagen fama daɗin karatu.

Ka fara da nisan tafiyar ma. Sarki na Madrid, yaƙi na Holan inda aka yi masa tawaye, teku ba tabbas saboda jiragen Ingila da na 'yan tawaye, Faransa kuma ba za ta bari a ratsa ta ba. Sai a ɗauko soja a jirgin ruwa zuwa Genoa, a tara su wajen Milan, su taka da ƙafa su haye duwatsun Alps, su bi ta Savoy da Franche-Comté da Lorraine har Luxembourg, tafiyar kusan kilomita 1,000. Duke na Alba, janar ɗin Sarkin Sifen, ya bi ta a 1567 da mutum wajen 10,000. Kuma tun kafin su taso an riga an tura wakilai gaba sun ƙulla kwangila da 'yan kasuwa zango zango, nan burodi kaza nan nama kaza nan ciyawar dawaki, saboda an san in soja ya iso zango bai tarar da abinci ba ƙauyen da ke kusa ne zai biya. A 1574 rundunar Filandas ta haura mutum 80,000 a takarda. Na ce a takarda, ka riƙe wannan.

Yanda ake ɗaukar soja a lokacin kwangila ce tsagwaronta. Sarki zai ba kanar takarda, kanar ya ba kaftin, kaftin ya je gari ya kafa tuta a gidan giya a buga ganga, matasan da noma bai yi musu ba da 'yan koyon sana'a da suka gudu daga iyayen gidansu da waɗanda bashi ya koro su zo su karɓi kuɗin hannu. Kamfanin nan dukiyar kaftin ne, shi zai ba ka bashin bindiga da takalmi ya riƙa cirewa a albashi, shi ke karɓar kuɗin kowa daga baitulmali gwargwadon sunayen da ke rijistarsa. Kaga ai an buɗe ƙofar ha'inci. Wanda ya mutu ba a goge sunansa, wanda ya gudu ba a kai rahoto, ranar da jami'in ƙidaya zai zo sai a aro bayi da 'yan ƙauye da sojan wani kamfanin a rataya musu mashi su tsaya a layi, yana juya baya a sallame su da ɗan na goro. Irin dai ma'aikatan bogin nan da muka sani a takardar albashi, sai dai su nasu illar tafi muni, domin janar zai fita yaƙi yana ganin yana da mutum 20,000 ya tarar da 12,000. Gwamnatoci sun yi ta sa hukunci mai tsanani a kan abin, bai daina ba, saboda shi ma kaftin ɗin yana bin sarki bashi, da sojan bogin yake cike giɓinsa.

Sashen da na fi so a aikin Parker shine na bore. Ya lissafa fiye da 45 a rundunar Filandas tsakanin 1572 da 1607, kuma boren nasu ba hayaniyar mashaya bace, tsari gare shi kamar ƙungiyar ƙwadago. Za su kori hafsoshinsu ba tare da sun taɓa su ba, su zaɓi shugaba daga cikinsu da 'yan majalisa, su kama wani gari mai ganuwa su zauna, su ɗora wa ƙauyukan kewaye haraji, su kafa doka a tsakaninsu wadda tafi ta rundunar sarki tsauri, sannan su rubuta buƙatu su aika wa gwamna. Buƙatun ma in ka gani sai tausayi ya kama ka: a biya mu bashinmu, a yafe mana laifin boren, a yi mana asibiti, a buɗe mana kantin abinci mai rahusa, hafsa ya daina dukan soja babu shari'a. Sifaniyawan cikinsu har alfahari suke cewa su sai an gama yaƙi suke bore, kamar yanda suka yi a 1574 bayan sun ci nasara a Mook, lokacin wasu na bin albashin shekara uku. Boren Hoogstraten daga 1602 har 1604 ya kai, har suka ƙulla yarjejeniya da abokan gabar sarkinsu. Kuma sau tari gwamnati na biya a ƙarshe, abin da ya koya wa kowa cewa bore ne kaɗai hanyar karɓar haƙƙi. Wani abu mai kyau dai ya fito daga matsin, a 1585 aka kafa asibitin soja na dindindin a Mechelen, ana cire riyal ɗaya a albashin kowane soja duk wata don tafiyar da shi, kuma gwamnati ta koma ba soja burodinsa kai tsaye kullum maimakon ta ce ga kuɗi je ka saya, tunda kuɗin ba zuwa yake ba.

Akwai wata muhawara da ta cinye takarda da yawa wadda ba zan daɗe a kanta ba. A 1955 Michael Roberts ya yi lacca a Belfast yace tsakanin 1560 da 1660 an yi juyin juya hali a harkar yaƙi, Maurice na Nassau a Holan da Gustavus Adolphus na Suwidin suka kawo fareti da harbi layi bayan layi, hakan ya buƙaci soja mai horo da ba a sallama in damina ta wuce, shi kuma ya buƙaci haraji da ofisoshi, daga nan gwamnatin zamani ta samo asali. Akwai gaskiya a ciki, bindigar lokacin mai lagwani ce, ka zuba albarushi ka tura harsashi ka daka da sanda ka hura wuta, littafin horo mai hotuna da Jacob de Gheyn ya fitar a 1607 ya raba aikin zuwa motsi fiye da 40, in ba a horar da kai ba sai ka ƙona na kusa da kai. Parker a 1988 yace a'a, ku duba ganuwa, sabon ginin Italiya mai kusurwoyi kamar tauraro wanda igwa ba ta rusawa da sauƙi shi ya sa yaƙi ya koma ƙawanya ta watanni, ita kuma ƙawanya mutane take ci. Wasu irin su Jeremy Black suka ce babban canjin ma sai bayan 1660. Ni a ganina kowannensu ya kama ɓangare, amma matsalar duk muhawarar ita ce tana sa ka ɗauka gwamnatocin nan sun iya abin da suke yi, alhali takardunsu da kansu na nuna suna tara rundunar da ta ninka ƙarfin aljihunsu. David Parrott ya zo a 2012 yace 'yan kwangilar yaƙin nan da ake zagi su ne ma suka riƙe harkar, domin su masu banki ke yarda da su ba sarakuna ba, kuma ni dai hujjarsa ta gamsar da ni.

Sarkin 'yan kwangilar shine Wallenstein. A 1625, yaƙin shekara 30 da aka gwabza a Jamus na da shekara bakwai da farawa, ya ce wa Ferdinand na II, babban sarkin daular Jamus ta lokacin, zai tara masa runduna da kuɗinsa da bashin da zai ciyo, cikin 'yan shekaru ta haura mutum 100,000. Dabararsa ita ce duk ƙasar da runduna ta sauka, ta aboki ce ko ta maƙiyi, ita za ta ciyar da ita ta biya ta, a yanka wa kowane gari kuɗi da hatsi duk mako. In kana son a bar ƙauyenka ka sayi takardar kariya, wani lokacin har da soja ɗaya ko biyu da za su zauna maka gadi kai kuma ka ciyar da su. In gari yaƙi biya a ce to za a ƙona shi, har harajin yana da suna na kansa, kuɗin hana gobara. Wani ɗan kasuwa Hans de Witte shi ke ciyo masa bashi a manyan kasuwannin Turai da jinginar harajin da ba a riga an karɓa ba, da aka sauke Wallenstein a 1630 bashi ya rufto wa de Witte ya kashe kansa. Shi kuma Wallenstein aka dawo da shi, sannan a watan Fabrairu na 1634 hafsoshin rundunarsa suka kashe shi a Eger da yardar sarkin da ya yi wa aiki. Amma tsarin nasa bai mutu ba, kowa ya kwaikwaya, har Suwidin ɗin da ake wa kirari da masu ceton Furotesta. Daga nan ne zaka gane dalilin da yasa yaƙin yaƙi ƙarewa. Runduna ba ta iya zama wuri ɗaya saboda ta cinye shi, ba ta iya watsewa saboda ana binta bashi, sai ta yi ta yawo tana neman ƙasar da ba a taɓa ba, janar na zaɓar inda zai nufa da lissafin rumbu kafin lissafin abokan gaba.

To duk wannan kallo ne daga sama. Daga ƙasa fa, shi mai takalmin da ya yage me ya gani? Nan littattafan ke shan wahala domin talakan soja ba ya rubutu. Manyan hafsoshi sun bar tarihin rayuwarsu da yawa, irin su Robert Monro ɗan Sikotlan da ya buga nasa a 1637, amma yawanci lissafin bajinta ne, na tsaya a wuri kaza, an harbe dokina a wuri kaza. Yuval Harari ɗin nan da ya yi suna daga baya, aikinsa na farko a kan irin waɗannan rubuce rubucen ne, ya nuna cewa masu su ba su damu su faɗa maka abin da suka ji a zuci ba, sunansu suke son ya shiga tarihi. Shi yasa abin da Jan Peters ya tono a ɗakin karatu na Berlin a 1988 ya zama babban abu. Wani ɗan ƙaramin littafi ne na hannu wanda asalinsa shafi 192 ne, babu sunan mai shi, labarin sojan haya daga 1625 zuwa 1649. Da bin rijistar coci, ta hanyar wata 'yarsa da aka haifa a hanya, aka gano sunansa Peter Hagendorf, aka buga littafin a 1993. An auna tafiyarsa a taswira ta haura kilomita 22,000, mafi yawanta a ƙafa.

Ya fara da yi wa Venice aiki a Italiya, aka sallame shi ya tsiyace har da bara, ya ɗan yi aiki wajen wani mai ƙera kayan kiɗa a Parma, ya hayo duwatsu ya shiga rundunar janar Pappenheim a 1627, ɓangaren Katolika. Abin da zai fara ba ka mamaki shine yanda addini bai cika fitowa a rubutun ba, alhali yaƙin da sunan addini aka fara shi. Abinci ne ke fitowa. Duk garin da ya shiga sai ya faɗa maka ƙasar na da hatsi ko inabi, burodinsu yaya yake, a Westphalia ya tsaya yana kwatanta wani baƙin burodi ƙato kamar dutsen niƙa da ake gasawa kwana da yini, yace kuma da daɗi. Wani wuri yace ranar Juma'ar da Kiristoci ke ƙaurace wa nama suna da nama da burodi har sun yi yawa, ranar Ista kuma ko loma ba su samu ba. Rayuwar kenan, yau ƙoshi har a yi wulaƙanci da abinci gobe a ci abin da aka samu. Wata shekara da yunwa ta kama sansani shi da matarsa suka samo hatsi, suka haɗa duwatsu biyu suka niƙa, suka haƙa tanda a ƙasa suna gasa burodi suna sayar wa 'yan uwansu sojoji.

Ranar 20 ga Mayu 1631 yana cikin waɗanda suka haura ganuwar Magdeburg, inda aka kashe mutum wajen 20,000 gari ya ƙone ƙurmus, ta'asar da tafi kowacce suna a yaƙin. A bakin ƙofa aka harbe shi sau biyu, ɗaya a ciki ɗaya ta kafaɗu, aka kwashe shi zuwa bukkarsa rai a hannun Allah. Ka lura da abin da ya biyo baya. Al'adar yaƙin lokacin ita ce garin da yaƙi miƙa wuya har aka ci shi da ƙarfi ganimar soja ne, wato ranar nan ita ce ranar albashin da aka yi watanni ana jira cikin rami da sanyi, shi kuma gashi kwance. Sai matarsa Anna Stadlerin ta bar masa 'yarsu mara lafiya ta kutsa cikin garin da ke ci da wuta, ta fito da kayan shimfiɗa da tsummokaran ɗaure rauni da tulun giya da ɗamarar azurfa huɗu da tufafi, abokansa kuma da yamma kowa ya kawo masa ɗan wani abu daga abin da ya samu. Ya rubuta cewa ya ji zafin ƙonewar garin har zuci, saboda kyawunsa kuma saboda ƙasarsa ce, kuma a shafi ɗaya ya lissafa abin da matar ta kwaso. Bai ga wani saɓani a tsakani ba.

A 1633 Suwidawa suka kama shi a Straubing, babu wani dogon zance suka sa shi cikin rundunarsu, ya yi musu yaƙi, aka ci su a Nördlingen a 1634 ya koma tsohuwar rundunarsa. Wannan ba abin kunya bane a lokacin, ƙwararren soja kadara ne, kashe shi asara ce. Rundunar Gustavus ɗin ma da ake kira ta Suwidin, 'yan asalin Suwidin da Finlan tsiraru ne a cikinta, Jamusawa ne da 'yan Sikotlan da sauransu suka cika ta.

Kada kuma tausayi ya rufe maka ido, mutumin nan ba waliyyi bane. Da suka ci Landshut a 1634 ya rubuta cewa ganimarsa ita ce kyakkyawar yarinya da kuɗin azurfa taler 12 da tufafi, da za su tashi ya mayar da ita gida. Layi ɗaya, a jere da kuɗi da kaya, kuma ba sau ɗaya ya yi ba. Duk mai hankali ya san me hakan ke nufi. Shi ɗin ne dai yake sa alamar gicciye a gefen sunan duk ɗansa da ya mutu yana masa addu'a, kuma sun mutu da yawa, 'ya'ya huɗu na matar farko duk ba wanda ya rayu, ita ma ta rasu a 1633 a Munich, ya sake aure a 1635 aka haifi shida cikin shekarun yaƙin biyu suka rayu. Ɗan da ya rayu har kuɗi ya biya wani malamin makaranta ya riƙe masa shi ya koya masa karatu yayin da shi yake yawon yaƙi. Littattafan da nake ganin sun yi adalci su ne waɗanda suka bar maka mutumin haka da fuskokinsa biyu, ba su wanke shi da cewa tsari ne ya tilasta masa ba, kuma ba su mayar da shi dodo ba.

Zancen matan nan ya cancanci a tsaya a kai, domin tsofaffin littattafai karuwai kawai suke ce musu su wuce. John Lynn a 2008 ya nuna cewa ba don su ba rundunar ba za ta ci abinci ba. Su ke wanki da ɗinki da jinya, su ke ɗaukar tukunya da tanti da jariri a hanya, su ke bin gonaki, su ke sayar da ganima, soja da matarsa kamar abokan kasuwanci ne, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya shiga uku. A 1648 janar ɗin Bavaria, Gronsfeld, ya rubuta cewa rundunonin ɓangarensu biyu suna da soja 40,000 da ake ba abinci, da wasu mutum 140,000 mata da yara da barori da ba wanda ke ba su komai, yana tambaya to in ba su ɗiba ba me za su ci. Gari ne guda ke tafiya da ƙafa, kuma duk ƙauyen da ya kwana kusa da shi ya gama yawo. Bayan 1650 da gwamnatoci suka fara gina bariki da rumbunan abinci suna biya a kan kari sai aka riƙa korar matan daga sansani, wanda shi kansa shaida ne kan aikin da suke yi tun farko.

Mutuwar ma ba a inda fim ke nuna maka take ba. Wani masani ɗan Suwidin, Jan Lindegren, ya bi rijistar wata gunduma a arewacin ƙasar mai suna Bygdeå, tsakanin 1621 da 1639 an ɗebi maza 230 zuwa yaƙi, 215 suka mutu, biyar suka dawo nakasassu, kuma mafi yawansu cuta ce ta kashe su a garuruwan da aka ajiye su gadi, atini da zazzaɓin kwarkwata da annoba, da yawa ko ƙarar igwar abokan gaba ba su ji ba. Yanzu kuma masu tonon ƙasa sun shigo harkar. A 2007 aka gano kabarin mutum 125 a Wittstock, filin yaƙin 1636, a 2011 aka gano na mutum 47 a Lützen inda Gustavus ya mutu a 1632. Ƙasusuwan na nuna yunwar ƙuruciya da tsofaffin karaya da suka warke da gaɓoɓin da tafiya ta cinye, haƙoran wasu na Wittstock sun nuna daga nesa suka zo, Sikotlan da ƙasashen arewa, na Lützen kuma fiye da rabinsu harbin bindiga ne ya same su, da yawa a kai, kuma an tuɓe su tas kafin a binne, domin riga da takalmi kuɗi ne.

Inda nake ja wa mai karatu kunne shine wajen hotunan da suka fi shahara. Zanen Jacques Callot na 1633, bishiyar nan da aka rataye mutane kamar 'ya'yan itace, da labarin Simplicissimus na Grimmelshausen da ya fito a 1668, su suka gina abin da duniya ke tunawa da yaƙin. Grimmelshausen ya ga abin da idonsa, tun yana yaro yaƙin ya kwashe shi har ya zama akawun runduna, amma ƙagaggen labari ya rubuta mai cike da ba'a, bayan shekara 20 da gama yaƙi, kuma an gano wasu wuraren daga littattafan wasu ya aro. Ka karanta shi don ka ji ɗanɗanon zamanin, kar ka ɗauke shi rahoto. In kana son muryar wanda aka zalunta akwai Hans Heberle, wani baduku mai ɗinkin takalmi a ƙauye kusa da Ulm, wanda ya rubuta yanda ya gudu da iyalinsa cikin birni kusan sau 30. Adadin waɗanda suka mutu ma ana ta ja, daga masu cewa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na mutanen daular har masu cewa kashi ɗaya cikin uku, sannan ba daidai ta faɗa wa ko'ina ba, Württemberg ta rasa fiye da rabin mutanenta, Hamburg kuma ciniki ma ta yi ta ƙaru. Kuma kisan takobi kaɗan ne a lissafin, yunwar da runduna ke bari a baya da cutar da take tafe da ita su suka yi aikin.

Ko sulhun ma sai da ya tsaya a kan albashi. An sa hannu a Westphalia a watan Oktoba na 1648, amma sojojin ba su motsa ba, domin kowa na bin bashi kuma ba wanda zai ajiye bindiga ya tafi hannu rabbana. Cikin yarjejeniyar aka rubuta za a ba Suwidin taler miliyan 5 don ta sallami rundunarta, garuruwan Jamus ɗin da aka gama wawashewa su aka yanka wa kuɗin, kuma sai da aka sake wani zaman a Nuremberg daga 1649 zuwa 1650 ana tsara wa zai fita daga wane gari a wace rana bayan an biya kashi nawa. Hagendorf a Memmingen labarin ya same shi, ya ambaci bikin da mutanen gari suka yi a taƙaice ba wani ɗoki, wanda ba abin mamaki bane ga mutumin da ya haura shekara 20 ba shi da wata sana'a sai wannan. A watan Satumba na 1649 aka sallame shi, ya je ya ɗauko ɗansa wajen malamin, suka kama hanya da matar da ƙaramar 'yar, rubutun ya yanke a tsakiyar tafiya. Binciken da aka yi daga baya a rijistar coci ya gano mai wannan suna da iyalinsa a wani ƙaramin gari, Görzke, ba nisa sosai da Magdeburg, inda har ya riƙe muƙamin shugaban gari kafin ya mutu a 1679.